Maƙwabcina ya kai ni cin abincin Lahadi a mashayar unguwa, me jama'a suka gani?

Nasiru, Sheffield:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, na san za ta tayar da ƙura, amma gara in ji daga bakinku. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, shi kaɗai ne a gida. Tun da na tare a layin, shi yake karɓar mini saƙo idan ba na nan, shi ya koya mini ranakun fitar da shara. Ranar Lahadi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in taso ya saya mini abincin rana a mashayar da yake zuwa, can wajen Kelham Island, wata unguwa a nan Sheffield ta Ingila. Na ji nauyin in ce a'a, na bi shi.

Abin da na tarar ba shi na zata ba. Ɗakuna biyu ne ƙanana, wuta na ci a murhu, ba talabijin, ba kiɗa, sai hayaniyar hira. Wurin cike maƙil: tsofaffi, ma'aurata da jarirai, har da wani kare kwance a ƙarƙashin tebur kamar shi ma ya biya kuɗin kujera. A kan kanta akwai wasu dogayen hannayen famfo a jere, kowanne da tambarinsa. Matar da ke sayarwa sai ta kama hannun ta ja da ƙarfi, ta sake ja, kafin kofi ya cika. Dattijon sai da aka ɗan zuba masa kala biyu ya ɗanɗana, ya ɗaga kofin sama yana duba shi a haske, sannan ya zaɓa. Ni lemun tsami da soda na sha. Na ci fai na cuku da albasa, da soyayyen dankali, da markaɗaɗɗen koren wake. Duk wanda ya shigo sai ya kira dattijon da sunansa, shi kuma yana ta gabatar da ni, "wannan maƙwabcina ne." Na ga farin ciki a fuskarsa irin wanda ban taɓa gani ba.

Yanzu ya ce kowace Lahadi mu riƙa zuwa. To ga tambayata: in ci gaba ko in janye? Kuma wace irin giya ce wannan da suke yi wa wannan biki, yana ta ce mini real ale, real ale?

Malam Habibu, Bradford:
Wa alaikumus salam. Nasiru, ƙanena, ba sai an yi dogon Turanci ba. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Kai da bakinka ka ce dattijon ya zaɓi tasa ya kawo. A teburin wa ya ajiye? Murhu da kare da jarirai ba su canza komai ba. Ka janye cikin mutunci.

Sadiya, Landan:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, ba gardama ba. Kusan duk gidan abincin ƙasar nan yana sayar da giya. Jirgin da muka hau muka zo ana raba ta, na kusa da kai yana sha gwiwarsa na taɓa taka. Kantin da muke cefane akwai layi guda nata. Ina iyakar take?

Malam Habibu, Bradford:
Malama Sadiya, akwai bambanci tsakanin abin da ya zame maka dole da abin da ka wanke ƙafa ka tafi. Jirgi ba ki da zaɓi. Kanti kin je sayen shinkafa ne. Shi kuwa wannan gida don giyar aka gina shi, abincin ne aka raɓa a gefe. Ba na cewa Nasiru ya sha, Allah ya kiyaye. Ina cewa wanda ya yi kiwo a bakin gona wata rana dabbarsa za ta shiga.

Bulus, Leeds:
Salama jama'a. Maganar hukunci ta malamai ce, ba zan sa baki ba, ni Kirista ne kun sani. Amma tambayar Nasiru ta biyu zan iya amsawa, don ina ɗan taɓawa, kuma wurin da ya ambata na san shi.

Yawancin giyar da ake sayarwa a duniya, ta kwalba da ta gwangwani da ta famfo mai sanyi, an gama da ita tun daga kamfani. An tace ta, an kashe yis ɗin da ke ciki, an rufe, sannan a turo ta kofi da iskar gas. Za ta yi watanni ba ta canza ba. Ita kuwa giyar ganga da dattijon yake yabo, wato real ale, ana fito da ita daga kamfani ba ta gama nuna ba. Yis ɗin yana raye a cikin gangar. Idan aka kawo, mai mashaya zai sauke ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya kwantar da gangar a kan katako, ya huda samanta ya sa wani ɗan tsinken itace don iska ta riƙa fita a hankali, ya bar ta kwana biyu ko uku ta ƙarasa tsimuwa, laka ta kwanta a gindi. Sanyin ɗakin yana tsakanin digiri 11 zuwa 13, shi ya sa baƙi ke cewa giyar Ingilishi ɗumi gare ta. Wancan hannun da ka ga matar tana ja, famfo ne na gaske, da ƙarfin damtsenta take jawo ta daga ƙasa, ba gas a ciki.

Ganga da aka fi amfani da ita galan tara take ci, wato kofi 72 na awon da suke kira pint, kowanne mililita 568. Ga inda gizo ke saƙar: da zarar an fara ɗiba, iska na shiga gangar, cikin kamar kwana uku idan ba a sayar ba ta yi tsami sai zubarwa. Saboda haka ba a samun mai kyau sai a gidan da ke da jama'a da ciniki, da kuma mai gidan da ya san aikinsa. Ɗaga kofin da dattijon ya yi a haske, yana duba ko ta washe ne. Idan ta yi gurɓi-gurɓi ko tana warin tsami, yana da damar mayarwa a canza masa ba tare da ko sisi ba.

Malam Habibu, Bradford:
Malam Bulus, da girmanka, wannan ai talla ce.

Bulus, Leeds:
Haba Malam, ranka ya daɗe. Wanda aka gaya masa akwai yis mai rai da laka a gindin abu, ai ba kwaɗaitar da shi aka yi ba. Tambaya aka yi na amsa.

Dakta Aminu, Manchester:
A bar shi ya ƙarasa, Malam. Muna zaune cikin mutanen nan, sanin abin da suke yi bai zama yi ba. Ni kaina a asibiti sai na san abin da mara lafiya yake sha kafin in san yadda zan yi masa magana.

Bulus, Leeds:
Na gode Dakta. Abin da ya sa tsofaffi irin maƙwabcin Nasiru suke ɗaukar abin da zafi, saura ƙiris wannan giya ta ɓace. A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida suka mamaye harkar, suka saye ƙananan, suka riƙa cire famfunan hannu suna sa na gas, don ita ba ta lalacewa kuma ba ta buƙatar gwani. A 1971 wasu samari huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don su yaƙi hakan, kuma suka ci nasara, abin da ba a cika gani ba idan masu saye sun kara da kamfani. Har yau ƙungiyar tana nan da mambobi sama da dubu ɗari, tana zaɓen mashayar da ta fi kowacce a ƙasar duk shekara.

Kuma Nasiru, tsakiyar abin aka kai ka. Kelham Island a da unguwar masana'antu ce a bakin kogin Don, da ƙarfe ya mutu ta zama kufai. A 1981 aka buɗe mashayar Fat Cat a wurin don sayar da giyar ƙananan kamfanoni, a 1990 mai ita ya kafa nasa ɗan kamfanin a bayan gidan. Maƙwabciyarta Kelham Island Tavern ta ci kyautar CAMRA ta ƙasa baki ɗaya a 2008, ta sake ci a 2009. Mutane daga wasu garuruwa suke hawo jirgin ƙasa su zo unguwar don wannan kawai. Gidajen haya masu tsada da ka gani a wurin yanzu, daga baya suka biyo.

Hajiya Rabi, Birmingham:
Ni abin da ya tsaya mini a rai ba giyar ba ce, dattijon ne. Ina aikin jinya a gidajen tsofaffi, na san irinsu. Akwai wanda idan na shiga da safe, ni ce mutum ta farko da ya yi wa magana tun zuwana na baya. Su ba su da zaure, ba su da ƙofar gida, sanyi ma ba zai bar ka ka shimfiɗa tabarma a waje ba, kuma ba a faɗo wa mutum gida ba sanarwa. Wurin da ya rage musu su haɗu shi ne wannan. Abin da teburin mai shayi yake wa unguwa a gida, shi mashaya take musu: nan ake jin wa ya rasu, wa ke neman mai gyaran famfo, wa aka kwantar a asibiti. Da ya kai Nasiru yana cewa ga maƙwabcina, a wurinsa babbar karramawa ya yi masa. Idan Nasiru ya janye ba bayani, abin da dattijon zai fahimta shi ne an ƙi shi.

Malam Habibu, Bradford:
Hajiya, shayi ba ya gusar da hankali, ba ya sa miji ya koma gida ya daki matarsa. Amma na yarda da ke a kan haƙƙin maƙwabci, wannan ba ja. Ban ce a yanke hulɗa ba.

Hajiya Rabi, Birmingham:
To a nan muka haɗu, Malam. Ni shawarata, Nasiru ɗana, ka gaya masa gaskiya kai tsaye. Mutanen nan sun fi gane a fito musu fili a kan kwana-kwana. Ka ce masa ka ji daɗin gayyatar, amma addininka bai sake maka ka zauna ana sha ba, don haka wannan Lahadin shi zai zo wurinka. Ka dafa masa dafa-duka, ka rage barkono don Allah kada ka kashe bawan Allah. Idan ya tashi daga wurinka ya wuce wajen abokansa, ruwansa. Ka ga ka riƙe maƙwabci, ka riƙe kanka.

Kabiru, Glasgow:
Hajiya kin ce ya dafa. Kin taɓa cin girkin Nasiru? Gara a bar dattijon da giyarsa, ta fi sauƙin illa.

Nasiru, Sheffield:
Kabiru Allah ya isa. Wa ya cinye tukunyar ranar sallah?

Ummi, Nottingham:
Ku bari in shigo ta ɓangaren abinci, don fannina ke nan, kuma na lura kowa ya zuba ido kan kofi ya manta da faranti. Mutum zai ƙi giya a kofi ya ci ta a cokali bai sani ba.

Kifi da dankalin da muke gudu gare shi muna ganin shi ne mafita, a mashaya yawanci da giya ake dama ƙullun fulawar da ake tsoma kifin, don ta sa ya yi ƙarau-ƙarau. Sau da yawa suna rubutawa a takardar abinci, har da sunan giyar, don abin alfahari ne a wurinsu. Fai na naman sa, da giyar ake dafa naman. Romon da suke malalawa a kan gashin Lahadi, wani da jan ruwan inabi ake haɗa shi, wani da giya. Kuma maganar da ake yawan yi cewa wuta tana ƙone barasar duka, ba haka ba ne. Gwajin da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna bayan awa ɗaya ana dahuwa kusan kashi 25 cikin 100 na nan, bayan awa biyu da rabi akwai sauran kashi 5.

Sai alade. Wani ɗan abu mai ƙaras-ƙaras da ake sayarwa a leda a bayan kanta, soyayyar fatar alade ce. Baƙin tsiran da suke kira black pudding, jini ne da kitse da hatsi. Ɓawon fai na gargajiya da kitsen alade ake murza shi. A yankin Yorkshire, inda Nasiru yake, wurare da dama da kitsen saniya suke soya dankali, saniyar kuma ba yankan Musulmi ba. Ko da man gyaɗa ne ko na sunfulawa, tambaya ita ce me kuma ake jefawa cikin kaskon.

Doka ta wajabta musu su gaya maka idan abinci na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai da alkama. Giya da alade ba sa cikin jerin. Saboda haka sai ka buɗe baki ka tambaya da sunan abin: akwai giya a ƙullun? Da wane mai aka soya? Ba sa jin haushi, sun saba, mai kawo abincin zai shiga kicin ya tambayo.

Nasiru, Sheffield:
Anti Ummi, fai ɗin da na ci akwai harafin V a gabansa, na masu ƙin nama. Dankalin ne ban bincika ba. Sai kuma wani baƙin ruwa a kwalba mai takarda ruwan lemo da dattijon ya zazzaga mini a kai, ya ce duk ɗan Sheffield da shi aka yaye shi.

Ummi, Nottingham:
V ɗin ya kawar da nama da kitsen dabba, amma bai kawar da giya ba, a kula da wannan. Kwalbar kuwa Henderson's Relish ce, a garinku ake yin ta, ba nama ba kifi a ciki. Ita kam ka zuba son ranka.

Sadiya, Landan:
Ni matsalata ta fi ta Nasiru, don shi maƙwabci ne, ni wurin aiki ne. Duk Alhamis ana tashi sai a ce a gangara mashaya. Da ban zuwa, sai na lura ranar Litinin a wurin taro kowa ya riga ya san wa za a ba wane aiki, ni kaɗai ce baƙuwa. A can ake gama magana. Na samu shugabar sashenmu na gaya mata, ban yi faɗa ba, na ce ba ni kaɗai ba ce, akwai mai ɗauko yara daga makaranta, akwai wanda likita ya hana shi sha. Yanzu wata ɗaya mashaya, wata ɗaya cin abincin rana tare. Dokar daidaito ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a yarda a ware mutum saboda su ba, kuma manajoji sun san da haka, ko ba ka ambata ba.

Amma wanda zai je, ya san al'adar zagaye. Idan kuna ku shida, mutum ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi. Idan ka karɓi lemon da aka saya maka, ka shiga layi ke nan, juyinka na zuwa, kuma giya biyar za ka biya ka ɗauko da hannunka. Tun a farko ake cewa na gode, zan sayi nawa.

Malam Habibu, Bradford:
Madalla da wannan tunatarwa. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya haɗa da mai saye da mai ɗauka. Kun ga abin da nake gudu ke nan, daga zama sai a kai ga wannan.

Alhaji Garba, Landan:
Yara, ku bar tsoho ya ce wani abu. Na zo ƙasar nan lokacin Firayim Minista Thatcher, kuma mashayar da Nasiru ya kwatanta ba ita muka tarar ba. A da idan ka wuce ta ƙofar, hayaƙin taba ne zai fara mararka. Mata kaɗan ne, yara babu, abinci kuwa in ka samu gyaɗa da burodi da cuku ka gode. Da rana rufewa suke yi na wasu awanni, dokar da ta samo asali tun yaƙin duniya na farko don ma'aikatan makamai su koma bakin aiki. Sai a 1988 aka yarda su wuni a buɗe a ranakun aiki. Ƙarfe goma sha ɗaya saura a kaɗa ƙararrawa, kowa ya ruga kanta, sannan a turo su titi gaba ɗaya a lokaci guda. Mu da muke tuƙin tasi da dare mun ga abin da ido ba ya so.

Abin da ya juya su shi ne hana shan taba a cikin gini, ranar 1 ga Yuli 2007 a Ingila, da kuma arhar giya a manyan kantuna. Mutane suka koma sha a gida. A shekarar 2000 akwai mashaya kusan dubu 60 a Birtaniya, yanzu sun dawo wajen dubu 45. Waɗanda suka rayu, yawancinsu abinci ne ya cece su, shi ya sa ka ga jarirai. A Bradford da gabashin Landan ma akwai tsofaffin mashayu da suka koma gidajen abinci na halal, wasu har masallatai, Malam Habibu zai ba da shaida.

Sannan kada Nasiru ya ɗauka duk haka suke. Ta unguwa ranar Lahadi da rana daban, ta tsakiyar gari daren Juma'a daban, ta kusa da filin ƙwallo ranar wasa daban. Akwai wadda baƙar fata in ya tura ƙofa sai hira ta tsaya cak. Wannan tsohon ciwo ne. A Fabrairun 1965 Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya ziyarci Smethwick kusa da Birmingham, kwana tara kafin a kashe shi, aka kai shi wata mashaya ya ga yadda ake hana Indiyawa da baƙaƙe zama ɗaki ɗaya da Turawa. A shekarar ce aka yi dokar farko da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a.

Hajiya Rabi, Birmingham:
Gaskiya ne Baba Alhaji. Kuma abin mamaki, yau a Smethwick da West Bromwich mashayu da yawa 'yan Punjab ne masu su. Gasasshen nama suke yi a faranti na ƙarfe yana ƙara, Turawa na layi. Jikokin waɗanda aka hana shiga su ne riƙe da makulli.

Dakta Aminu, Manchester:
Ina so in ƙara abu ɗaya, saboda yadda ake kewaye wannan giya da tarihi da gwaninta, har mai shan ta yakan ɗauka shi ba mashayi ba ne, masani ne. Hanta ba ta san wannan bambancin ba. Kofi ɗaya mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 awo 2.3 na barasa ne a lissafin likitoci. Shawarar da manyan jami'an lafiya na Birtaniya suka bayar a 2016 ita ce kada namiji ko mace su wuce awo 14 a mako, wato kamar kofi shida. Mutumin da ke shan uku kowane dare, cikin natsuwa, bai taɓa tangaɗi a titi ba, ya ninka wannan sau uku. Irinsu nake gani a ɗakin jinya, cikinsu ya kumbura da ruwa, idanu sun yi rawaya, suna rantsuwa su ba sa buguwa. Malam Bulus, da kai nake, cikin ƙauna.

Bulus, Leeds:
Na ji Dakta, na kuma karɓa. Madam ma kullum wa'azin ke nan. Kuma duk ranar da zan taɓa, mota a gida take kwana.

Kabiru, Glasgow:
Gara haka. Mu nan Sikotilan tun Disambar 2014 aka rage iyakar barasa a jinin mai tuƙi zuwa miligiram 50 a kowane mililita 100, ku a Ingila har yanzu 80 ne. Kofi ɗaya na iya jawo wa mutum asarar lasisi. To Malam Habibu, ga tawa tambayar tunda an buɗe fage: giya mai sifirin barasa fa? Wadda aka rubuta 0.0 a jiki. Mu da muka tashi da Maltina.

Ummi, Nottingham:
Maltina ba a tsima ta ba tun asali, ita kuwa mai 0.0 yawanci giya ce sosai aka yi sannan aka cire barasar. Kuma a duba lambar da kyau, wasu 0.5 ne ba sifiri ba. Wanda suke kira shandy kuma rabinsa giya ce rabi lemo, kada sunan ya ruɗi kowa.

Malam Habibu, Bradford:
Malamai sun yi saɓani a kanta, ba zan ɓoye ba. Ƙa'idar ita ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, masu halattawa suna cewa wannan ko ka sha bokiti ba za ta bugar ba. Ni dai ba na sha, ba na ba ɗana. Yaron da ya saba da ɗacin da kwalbar da zaman, taki nawa ya rage masa? Amma wannan bahasi ne mai zaman kansa, Kabiru ka zo da shi ranar karatu.

Nasiru, Sheffield:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Hanyar Hajiya zan bi. Sai dai ina tunanin mutumin da ya shekara saba'in yana cin gashin nama ranar Lahadi, dafa-duka ba za ta riƙe shi kowane mako ba. Akwai mahauci ɗan Pakistan a London Road, nama ba matsala. Wani abu mai kumburi da na gani a farantinsa, mai rami a tsakiya ana zuba romo, shi ne ban san kansa ba.

Ummi, Nottingham:
Yorkshire pudding ke nan, kuma ya fi komai sauƙi. Ka fasa ƙwai uku ko huɗu a kofi ka ga inda suka tsaya, ka auna fulawa daidai nan, madara ma daidai nan, ɗan gishiri, ka kaɗa har ya yi sumul, ka ajiye shi ya huta ko rabin awa. Ka zuba mai kaɗan-kaɗan a ramukan farantin gashin kek, ka sa a oben a digiri 220 har man ya yi zafi ƙwarai. Ka fito da shi ka zuba ƙullun da sauri, in bai yi cuuu ba man bai yi ba. Ka mayar, minti 20 zuwa 25, kuma ko gobara ake kada ka buɗe oben ɗin kafin lokaci, zai sace. Romon kuma da ruwan da ya tsatso daga naman za ka yi, da soyayyar albasa da cokali ɗaya na fulawa. Ka ɗiga masa Henderson's ɗin nan a ciki.

Bulus, Leeds:
Ka yi wa ɗan Yorkshire Yorkshire pudding a gidanka? Nasiru kana da ƙarfin hali. Ka gwada sau biyu kai kaɗai kafin ka kira shi, don in ya fito a lafe kamar masa, duk mashayar za ta ji labari kafin magariba.